Ungulun Aro

Ranar da Magdalena ta iso Tungar Gwanki, mahaifinta ya riga ya kwana a daji. Ƙaninta Markus ne ya kira ta tana tsakiyar suya a rumfarta ta doya da ƙwai da ke bakin kasuwar Kontagora, ya ce ta bar komai ta taho. Ko zani ba ta tsaya sauyawa ba.

Abin da aka gaya mata ba shi da yawa. Baƙin san huɗar mahaifinta, Baba Maikano, ya yi kwanaki cikinsa a kumbure, ba ya cin komai. Jiya da asuba ya tsinke igiya ya shiga daji, yadda dabba kan yi idan ciwo ya kai mata wuya. Tsohon ya ɗauki sanda da goran ruwa ya bi sawu, ya ce wa matarsa zai dawo kafin koko ya huce. Gwiwarsa ta dama ta daɗe da rauni. Wayarsa kuma tana nan rataye a ƙusa a ɗaki, inda kullum take.

Tambayar farko da ta zo bakinta ita ce wadda kowa ke tsoro, ko mutanen daji ne suka ɗauke shi. Markus ya ce da su ne da yanzu an ji daga gare su, ba sa barin mutum ya kwana ba su nemi danginsa ba. Shirun nan yana nufin tsohon na wani wuri a kwance, shi kaɗai.

Maza sun fita nema tun jiya. Amma ƙarshen damina ne, gamba ta fi tsayin mutum, wanda ke gabanka da taku kaɗan ba ka ganinsa sai dai ka ji motsinsa. Sawun san da na sandar sun kai su har wani fako mai tsakuwa, daga nan ƙasa ta daina magana. Sun yi ta kira har muryoyi suka dushe. Da rana ta karkata kowa ya juyo gida, domin a shekarun nan ba wanda ke yarda la'asar ta same shi nesa da tunga.

Magdalena ta lura da ƙanin mahaifinta, Baba Ɗanjuma, tsohon mafarauci ne da ya ajiye bindiga. Ana magana yana zaune a kan turmi, bini-bini sai ya ɗaga kai ya dubi sama, ya sauke, ya sake ɗagawa. Ta matso ta durƙusa kusa da shi ta tambaye shi ko hadari yake dubawa.

Ya ce ba hadari ba ne, sabo ne kawai. A da, in ji shi, idan dabba ta ɓace ba a shiga ciyawa ana ihu. Dutsen nan na bayan tunga ake hawa, a zauna, a jira rana ta yi zafi. Inda ungulaye suka taru suna kewayawa, can ake nufa. San nan da ya gani da idonsa bai isa ya kwana biyu da rai ba, kuma ya san yayansa, ba zai bar gawar sansa ya tafi ba ko da ƙafar tana da lafiya. Wanda ya ga san ya ga Maikano.

Ita ma ta ɗaga kai. Sama fes take, ko shirwa babu.

Ta san labarin, ta dai ƙyale shi ya faɗa saboda ta ga yana bukatar faɗa. Lokacin da take yarinya, in aka yanka akuya a tunga, kafin a goge wuƙa ungulaye sun jeru a kan danga. A kwatar Kontagora sai mahauci ya ture su da ƙafa kafin ya sami wurin ajiye daro. Sai masu sayensu don magani suka fara zuwa. Da farko kai kawai suke so, daga baya suka ce har ƙafa da fiffike, daga baya har ƙwai da kirare na sheƙa. Aka gano cewa in an barbaɗa garin taba a kan hanji, sukan ci su bugu, a tsince su kamar kaji. Wasu makiyaya sukan sa guba a mushe saboda kura, garke guda ya zube a safiya ɗaya. Masu gawayi suka bi manyan itatuwan maɗaci da ƙirya inda suke sheƙa. Ba wanda zai iya cewa ga ranar da suka ƙare. An dai wayi gari ana yanka, ƙuda kawai ke zuwa.

Markus na tsaye jingine da mashin ɗinsa yana ji. Can ya ce, kamar mai jin kunyar abin da zai faɗa, shi ya ga guda ɗaya da rai a makon jiya. Ya kai kaya rumfar Malam Nuru mai kayan magani, a can cikin kasuwar Kontagora, ya hango ta ɗaure da ƙafa a bayan buhuna.

Baba Ɗanjuma ya tambaya ko fiffikenta na nan cikakke. Markus ya ce haka ya gani.

Gari na wayewa suka kama hanyar Kontagora, Markus na tuƙi, Magdalena a baya.

Ta san Malam Nuru sarai. Kusan kullum a rumfarta yake karyawa, yana tsokanarta da sunan Hajiyar coci, ita kuma tana ce masa Sarkin ƙasusuwa. Rumfarsa na bayan masu igiya da kanwa, cike da fatu, da ƙayar bushiya, da busasshiyar hawainiya a jere a kan tsumma. Da ya gan ta ya fara wasan da suka saba, ya ce jiya ta bar shi da yunwa, zai kai ƙara wurin fasto. Da ya dubi fuskarta sai ya daina.

Ta gaya masa komai a tsaye. Ya yi mata jaje da gaske, ya ambaci Allah, ya ce zai sa a yi addu'a. Da ta zo kan maganar ungulu sai ya dubi hagu da dama, ya ce shi rabonsa da ganin mai rai tun kafin a haifi 'yarta Success. Markus ya ce masa a hankali, ai shi ne ya sauke buhunan nan da ke gabanta.

Malam Nuru ya ja su ciki ya rage murya. Ya ce to, akwai, amma ba tasa ba ce. Daga can bayan iyaka aka kawo ta, ta bi hannu da yawa kafin ta iso. Wani mutumin Mashegu ne ya sa a nemo masa, matarsa ce ke da taɓin hankali, tun bara yake zarya yana tambaya, kuma an ce masa sai mai rai, ba a cire mata ko gashi ɗaya ba. Gobe ko jibi zai zo. Da wane ido zai dube shi? Ya buɗe wata tsohuwar gwangwanin madara ya fito da busasshen kan ungulu, ya ce ta karɓi wannan kyauta. A sa a ƙarƙashin matashi, wanda ya kwanta a kai zai ga inda ɓataccen yake a mafarki. Ya ce saboda wannan ganin nasu ne ma ake nemansu.

Magdalena ta dubi abin da ke tafin hannunsa. Inda idanu suke a da, ramuka ne guda biyu da ƙura a ciki.

"Malam, ba ni da lokacin barci," ta ce. "Aro nake so. Ta nuna mana wurin, ka ɗauki abarka."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya tambaye ta ko ta taɓa jin an ari tsuntsu an sake shi ya dawo da ƙafarsa. Ta fita ta zauna a ƙasa daidai ƙofar rumfar, ta miƙe ƙafafu, ta cire ɗankwali ta ajiye a cinya. Ta ce masa nan za ta zauna ta yi ta kiran sunan ubanta har kasuwa ta taru, kuma duk wanda ya tambaye ta abin da ya sa take kuka a ƙofar Malam Nuru, za ta gaya masa abin da ke bayan buhunan. Ma'aikatan gandun daji ma suna cin doya a wurinta.

Mai igiya na gefe ya riga ya fara leƙowa.

"Hajiyar coci," in ji Malam Nuru, "ashe haka kike da mugunta. Tashi ki ɗaura ɗankwalinki."

Sharaɗinsa shi ne zai bi su da kansa, kuma za a ɗaura mata doguwar igiyar nailan a ƙafa, shi zai riƙe bakin igiyar. Ta ce ta yarda. Ko me ya ce a lokacin za ta yarda.

Hantsi ya ɗaga sosai suka isa tunga, ungulun na cikin buhu an huda mata wurin shan iska. Markus ya ajiye buhun a inuwar bayan madafa ya koma gindin mangwaro, inda gardama ta riga ta kaure. Baba Ɗanjuma ya auna igiyar da hannu ya ce wannan ko tsayin giginya biyu ba ta kai ba, ita kuwa ungulu sai ta hau inda ido ke kusa rasa ta kafin ta ga ƙasa gaba ɗaya. Malam Nuru ya ce a ƙara wata igiyar a kai. Baba Ɗanjuma ya ce nauyin zai janyo ta. Malam Nuru ya ce amana ce a hannunsa, shi ba zai saki amanar wani a sama ba. Aka yi ta juya magana ɗaya, rana na tafiya.

A ƙarshe aka ce a gwada. Aka fito da ita fili a bakin gona. Mutanen tunga suka ja da baya, matasa da yawa ba su taɓa ganin irinta ba. Ta fi yadda Magdalena ke tunawa ƙanƙanta, gashinta ya yamutse, fuskarta tsirara kamar ta tsohuwar da aka tashe ta daga barci. Ta yi tsalle biyu, ta buɗe fiffike, ta tashi da ƙyar. Igiya na ƙarewa ta fizgo ta, ta faɗo a kan kunyar gona tana bugun ƙasa. Aka sake gwadawa, ta sake faɗowa, wannan karon igiyar ta naɗe mata fiffike ɗaya.

Malam Nuru ya ruga yana cewa za a karya masa ita. Magdalena ta riga shi isa. Ta danne tsuntsuwar da zaninta, ta warware fiffiken, ta miƙa wa Markus hannu ba tare da ta dube shi ba. Ya sa mata wuƙarsa a ciki. Ta yanke igiyar daga ƙafar, ta ɗaga zanin.

Ungulun ta ruga a ƙasa kaɗan, ta tashi, ta wuce saman kawunansu har suna jin iskar fiffikenta. Ba ta yi sama ba. Kai tsaye ta nufi tsohuwar kukar da ke bakin rijiya, wadda masu gawayi suka bari saboda itacenta ba ya ci, ta sauka a reshe mafi tsayi, ta gyara zama.

Aka jira. Ta karkaɗe jiki, ta sa baki tana gyaran gashi.

Baba Ɗanjuma ya matsa gindin kukar, ya kare ido da hannu, ya daɗe yana kallo. Ƙasan wuyanta ya kumburo kamar an cusa mata lemo. Ya juyo a hankali.

"Wa ya ba ta abinci?"

Daga bayan mata aka ji muryar mahaifiyar Magdalena, wadda kowa ke kira Mama. Tun da mijinta ya ɓata ba ta runtsa ba, ba ta kuma yi magana da kowa ba sai wannan.

"Ni ce. Aike za ta. Ɗanjuma, ka taɓa ganin an aiki wani daga gidan nan da yunwa?"

Haka ne kuwa. A gidan Maikano ko tunga ta gaba za a tura mutum sai an fara ajiye masa kwano, 'yan ƙwadago ma sai sun ci suke ɗaukar fartanya. Lokacin da maza ke gardamar igiya, ta ji buhun na motsi a bayan madafa, ta kwance bakinsa, ta ga baƙuwa na haki. Ta ba ta ruwa, ta juye mata kayan cikin kajin da aka yanka wa masu nema, har da hanta. Ta tsuguna ta gaya mata sunan mijinta da yarensu na Dukanci, da kalar rigar da ya fita da ita, yadda ake yi wa ɗan aike bayani.

Da Baba Ɗanjuma ya yi magana, ƙasa yake kallo. Ya ce yunwa ce ke tayar da ungulu, wadda ta ƙoshi takan zauna har gobe, wani lokaci har jibi.

Ba wanda ya yi wa Mama faɗa. Da an yi, da wataƙila ya fi mata sauƙi. Ta shiga ɗaki ta ɗauko kujerar tsuguno, ta ajiye a inda za ta riƙa ganin kukar, ta zauna.

Wunin nan ya yi wa Magdalena tsawo fiye da duk wanda ta sani. Maza sun sake shiga ciyawa sun dawo da ƙaiƙayi a jiki ba labari. Wasu samari suka ce a jefi ungulun ta tashi, Baba Ɗanjuma ya hana, ya ce wadda aka razana ƙasa-ƙasa take gudu, ba ta duban komai, kuma ba za a sake ganinta ba. Malam Nuru ya yi salla a gindin mangwaro, ya dawo yana kewaya kukar yana duba inda ake taka ta. Ya ce tunda abin bai yiwu ba, da duhu ya yi a samu mai hawa ya kamo masa ita. Markus ya ɗauko adda da tabarma ya shimfiɗa a gindin itacen. Wayar Malam Nuru ta yi ta ƙara, ya duba sunan mutumin Mashegu, ya kife ta a cinya.

Magdalena tana lissafin abin da ba ta so ta lissafa. Goran ruwan ubanta ƙarami ne. Ta san yadda leɓensa ke bushewa ko a gona. Ta kai wa Mama tuwo, ta dawo ta ɗauke shi yadda ta ajiye.

Da gari ya waye ungulun na nan. Markus ma na nan, idanu jajur. Baba Ɗanjuma ya hau dutse tun da sanyin safiya da wayar wani maƙwabci mai suna Lukuman, don ya ga inda za ta nufa ya kira ya faɗa.

Rana ta fito, tsuntsuwar ta juya mata baya ta shanya fiffike. Ta naɗe. Ta sake shanyawa. Kumburin wuyan ya sauka. Sai da ƙasa ta fara ɗumi, har mutum na jin zafi a tafin ƙafa, ta saki reshen.

Ta kewaya tunga a ƙasa-ƙasa, inuwarta na bin rufin ɗakuna. Zagaye na biyu ta sauko daidai bayan madafar Mama, ta miƙo ƙafafu kamar za ta sauka inda aka ciyar da ita jiya. Mama ta miƙe da saurin da ba a san ta da shi ba, ta kife kwanon da ke wurin, ta kwashe tukwane ta shige da su ɗaki, ta ja ƙofa ta rufe kanta a ciki.

Ungulun ta wuce. Ta sami iska a saman fakon, ta daina kaɗa fiffike, ta fara hawa tana zagaye, kowane zagaye ya fi na baya faɗi. Ta koma kamar tattabara, ta koma kamar ƙuda. Magdalena ta ƙifta ido sau ɗaya ta rasa ta.

Aka taru a kan wayar Markus. Shiru ya yi yawa har wani ya ce ta koma ƙasarsu. Sannan wayar ta yi ƙara. Baba Ɗanjuma ne, ya ce yana ganinta, ta yi yamma, ta tsaya tana juyi a wuri ɗaya. Can ya ce ta naɗe fiffike ta sauka, a hayin rafi, daidai tsakanin giginyu biyun nan masu kai ɗaya.

Da aka ji hayin rafi sai mutane suka fara duban juna. Shi ya sa ba a nema can ba. Tun bara ba mai tsallaka rafin, hanyar mutanen daji ce in za su wuce da shanu. Wani ya ce a je a kira 'yan banga daga Kontagora, wani ya ce kafin su zo rana ta faɗi. Magdalena ta ɗaure zaninta a ƙugu, ta ɗauki jarkar ruwa da bargo, ta kama hanya. Markus ya bi ta. Lukuman ya tsaya jim, ya shiga gida ya fito da gatari. Da suka kai bakin rafi suka waiwaya, Malam Nuru na biye da su, ya naɗe ƙafar wando, buhunsa a kafaɗa. Ya ce kada su ɗauka don su ya zo.

Ruwan ya kai gwiwa. A ɗaya hayin suka ga sawun tayoyin mashin da yawa a kan laka, da toka a gindin wata ɗorawa, da fankon sigari da bai jiƙe ba tukuna. Daga nan ba wanda ya sake magana da ƙarfi. Ciyawa ta rufe su, giginyun suka ɓace musu, wayar Markus ta daina kamawa. Lukuman ya hau wani kututture ya hango kan giginya ɗaya, suka gyara hanya. Can suka ji ƙarar mashin daga nesa, suka durƙusa cikin gamba, Malam Nuru na motsa leɓe ba sauti, har ƙarar ta yi kudu ta mutu.

Wari ne ya kai su sauran hanyar.

Wani kwazazzabo ne da ruwa ya ci, zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu, ciyawa ta lulluɓe bakinsa har sai ka kusa faɗawa za ka san yana nan. A ƙasa baƙin san na kwance a gefe ɗaya, ya kumbura, ungulun na tsaye a kan haƙarƙarinsa. Nesa kaɗan, jingine da bangon ƙasa, Baba Maikano ne, ƙafarsa ɗaya ta juya ta inda ƙafa ba ta juyawa. Kusa da hannunsa akwai ɗan rami da ya tona da sanda, ruwan laka ya taru a ciki.

Bai motsa ba. Magdalena ta zame ta gangara da baya, ƙasa na bin ta. Ta kira shi Baba, ta sake kira. Sai da ta taɓa fuskarsa idanun suka juyo gare ta, a hankali, kamar daga nesa. Ta jiƙa bakin ɗankwali ta matsa masa a leɓe, sannan ta ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, tana janye jarkar idan ya so ya zarce.

Da muryarsa ta fito, ba ta gane abin da ya ce ba sai da ta kai kunne.

"Ita kaɗai ce?"

Ta bi idonsa. Ungulun ba ta gudu ba, ta ja gefe kawai. Takan sa baki ta ja nama, ta tsaya, ta karkata kai ta dubi sama da ido ɗaya, ta daɗe a haka, sannan ta koma ci.

Tsohon ya ce tun da ta sauka yake jiran sauran. In ɗaya ta sauka sauran na biye, haka ya sani. Ya ce ita ma su take dubawa.

Lukuman ya saro sanduna biyu, aka ɗaure bargon a kai, aka ɗaure ƙafar da reshe. Da aka ɗaga shi ya yi ƙara sau ɗaya ya suma, sannan ya farfaɗo. Akwai wata gangara a can ƙarshen kwazazzabon inda ruwa ke fita, ta nan kawai za a iya hawa da shi, kuma dole kowane bakin sanda ya sami mai riƙe shi, in ba haka ba zai zame. Markus da Lukuman suka kama gaba. Magdalena ta kama ɗaya na baya. Ɗayan yana ƙasa.

Malam Nuru na tsugune ya buɗe bakin buhu, yana matsawa kusa da gawar san da kaɗan-kaɗan. Tsuntsuwar ta yi nauyi da ci, ba ta fi tsawon sanda daga hannunsa ba.

"Malam," in ji Magdalena. "Kama nan."

Bai juyo ba. Ya ce ta ba shi ɗan lokaci, yanzun nan. Daga kudu ƙarar mashin ta sake tasowa, ba a iya sanin ko tana matsowa ko tana nisa. Kan tsohon ya langaɓe a kan bargo. Ba ta sake kiransa ba, ta dai tsaya riƙe da nata bakin sandar tana kallonsa.

Ya yi tsaki mai tsawo. Ya cusa buhun a ƙugun wando, ya zo ya sunkuya ya kama.

Suka hau gangaren da ƙyar, suka shiga ciyawa, suna tafiya da ƙafa ɗaya don kada su girgiza shi. Malam Nuru na haki yana cewa da sun tsallaka da shi rafi zai dawo ya ɗauki abarsa, kada wani ya ce bai faɗa ba. Ya faɗa a gindin ɗorawa, ya sake faɗa da suka shiga ruwa. A tsakiyar rafin Baba Maikano ya buɗe ido, ya nemi fuskar 'yarsa, ya tambaye ta ko sauran sun iso.

Ta ce masa ya rufe ido, sun kusa gida.